Zafin Tsohuwar Laftof: Bairos Ne Ko Ƙura?

Idan tsohuwar laftof ta fara ɗaukar zafi tana sandarewa, mai ita ba ya rasa masu ba shi shawara. Wani ya ce bairos ne, a yi mata fomat. Wani ya ce a cire batir, wani ya ce a sa ta a firji ta huce, wani kuma ya ce ta tsufa, a sayar a huta. Kowace daga cikin maganganun nan tana da ɗan abin da ta dogara a kai, shi ya sa ba ta mutuwa. Inda gizo ke saƙar shi ne ana haɗa cuta biyu a ba su magani ɗaya. Zafi daban, sandarewa daban: wani lokaci zafin ne ke jawo sandarewar, wani lokaci kuwa ba ruwansa da ita. Wanda bai bambance su ba zai yi ta zarya wurin mai gyara, kuɗi na fita, matsala na nan daram.

Tushen zafin shi ne furosesa, ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin komai. Duk wutar da ta sha, zafi take komawa. Don haka ake ɗora mata bututun jan ƙarfe da ke kwashe zafin zuwa wasu siraran faranta a gefen laftof, fanka kuma ta hura musu iska ta fitar da shi waje, kamar dai yadda lagireton mota ke aiki. Tsakanin furosesa da jan ƙarfen akwai wani irin mai, mai toka-toka, da ake shafawa don ya cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani. Yawancin furosesar laftof iyakarta wajen digiri 100 ne a ma'aunin Salshiyas. Da ta kusanci wannan iyaka sai ta rage gudu da kanta, idan abin ya ci tura ta kashe kwamfutar gaba ɗaya. Saboda haka laftof da ke aiki lafiya da an kunna ta, bayan ɗan lokaci ta fara jan ƙafa, fanka na ihu, daga baya ta ɗauke ɗif, ba lalacewa ta yi ba tukuna. Kare kanta take yi.

Daga nan za a gane raunin maganar fomat, wadda ita ce ta fi yawo kuma ta fi jawo asara. Gaskiya ne akwai miyagun manhajoji da ke ɓuya cikin kwamfuta suna haƙar kuɗin kirifto, su sa furosesa aiki dare da rana, kuma sau da yawa ta manhajojin sata suke shigowa. Amma gano hakan ba ya buƙatar goge komai. A Windows, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe ya nuna wace manhaja ce ke cinye ƙarfin furosesa. Idan furosesa ba ta kai kashi 10 cikin 100 na aikinta ba amma ƙasan laftof ba ya taɓuwa don zafi, to babu fomat ɗin da zai sanyaya ta. Wani zai ce ai shi an yi masa fomat kuma ya ga sauƙi. Ba ƙarya ya yi ba. Sabuwar Windows ba ta da tarkacen manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta, don haka aiki ya ragu, zafi ya ragu. Da an sake loda mata kaya, ko an buɗe bidiyo mai nauyi, sai a koma gidan jiya, ga kuma takardu da hotunan da suka salwanta a banza.

Abin da ya fi yawa shi ne ƙura, kuma a nan ƙasarmu tana da nata rabon. Kamfanoni irin su Apple da Dell suna rubuta cewa a yi amfani da laftof ɗinsu a wurin da zafi bai wuce digiri 35 ba, alhali a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, zafin watan Afrilu yakan haura 40. Ga ƙurar hunturu da fanka ke zuƙa wata da watanni. Ga shi yawancin laftof ɗin da ke hannun ɗalibai da 'yan kasuwa na hannu ne, sun riga sun yi shekaru a Turai ko Amurka kafin su sauka Legas. Wanda ya taɓa ganin an buɗe irin wannan kwamfuta ya san abin da ake tararwa: dunƙulen ƙura da zare da gashi ya lafe tsakanin fanka da farantan, ana ɗago shi da tsinke ya taso a curi ɗaya. Fanka na juyawa, amma in ka kara hannu a mafitar iska ba ka jin komai. Maganin shi ne a kashe, a cire caja, a buɗe a share da burushi mai laushi. In za a hura iska mai ƙarfi, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi gudun da zai lalata ta. Man nan mai toka-toka shi ma yana bushewa da shekaru ya zama ɓawo, a goge shi a sa sabo, ɗan kaɗan. Masu cewa man goge baki zai wadatar suna cutar mutane, domin ruwa ne a cikinsa, yana bushewa cikin 'yan kwanaki. Ɗora laftof a kan katifa ko darduma kuwa toshe mata hanci ne, tunda ta ƙasa yawancinsu ke shaƙar iska. Faifan sanyaya mai fanka yana ɗan taimakawa, amma ba ya cire ƙurar da ke ciki.

Maganar firji kuskure ce mai haɗari. Ƙarfe mai sanyi idan ya fito cikin iska mai ɗumi yana yin raɓa, raɓar kuma a kan allon wuta take sauka. Ta batir ce ke da ƙamshin gaskiya. Batirin litiyom ba ya shiri da zafi, kuma wanda ya lalace yana iya kama wuta. A 2006 kamfanin Dell ya janye batura fiye da miliyan 4 ƙirar Sony saboda wannan haɗari. Idan wurin taɓa linzami ya taso sama, ko murfin ƙasa ya ɓalle, batir ya kumbura ke nan, a daina amfani da shi nan take, kada a huda shi ko a matsa. Amma cire lafiyayyen batir ba ya sanyaya furosesa, kuma a inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, batirin ne ke hana kwamfuta mutuwar farat ɗaya da ke lalata fayiloli.

Saura sandarewar da ba ta da alaƙa da zafi, kuma ita aka fi jahilta. Ƙaramar manhaja kyauta kamar HWMonitor ko Core Temp tana nuna zafin furosesa. Idan kwamfuta ta sandare alhali ma'aunin bai wuce 60 ko 70 ba, a nemi dalili a wani wurin. Wanda aka fi zargi shi ne tsohon faifan ajiya mai juyawa sau 5,400 a minti. In ya gaji, Task Manager zai nuna shi a kashi 100 ba sauka, wani lokaci a ji yana ƙas-ƙas daga ciki. CrystalDiskInfo yana karanta rahoton lafiyar da faifan ke ajiyewa da kansa; in ya nuna gargaɗi, a kwashe muhimman takardu a ranar, kafin ma a yi zancen gyara. Musanya shi da SSD shi ne gyaran da ya fi sauya tsohuwar laftof. Sai ram: gigabait 4 ya yi kaɗan ga mai buɗe shafuka da yawa a Chrome, kuma ƙara shi yana rage maƙalewa. Masu cewa ƙarin ram yana maganin zafi dai sun haɗa abin da bai haɗu ba.

Masu cewa ta tsufa fa? Akwai inda suka yi daidai. A 2008 an tabbatar da lahani a wasu guntayen hoto na Nvidia da ke cikin laftof ɗin HP da Dell da Apple na lokacin, inda zafi da sanyi ke tsattsage haɗin darmarsu. Irin wannan, ko an gasa allon da iska mai zafi ya farfaɗo, yawanci ba ya daɗewa, kuma bai kamata mai gyara ya karɓi kuɗi a kai ba tare da ya faɗi haka ba. Haka nan Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 kyauta ga kowa a ranar 14 ga Oktoba 2025, tsofaffin furosesa da yawa kuma Windows 11 ba ta karɓarsu. Wannan matsalar tsaro ce, ba ta zafi ba, kuma Linux Mint ko Lubuntu suna tafiya da sauƙi a kan irin waɗannan kwamfutoci. Laftof ɗin da aka share, aka sa mata sabon mai da SSD, aka gwada ram ɗinta da MemTest86 ya fito lafiya, amma duk da haka take zana layuka a fuska ko take ɗaukewa tana sanyi, ita ce allonta ya samu matsala, kuma a nan ne kuɗin gyara kan zarce darajar kwamfutar.