FASHIN BAƘI: Idan wuta ta ɗauke ko ruwa ya yi gyara, wa ke riƙe da aikin ofis a Birnin Kebbi da Argungu?

A tsakiyar watan Satumban 2023 gobara ta tashi a tashar rarraba wutar lantarki ta kamfanin TCN da ke Birnin Kebbi, ta lashe manyan taransifoma biyu, lamarin da ya jefa sassan jihohin Kebbi da Sakkwato da Zamfara cikin duhu. Gyaran tashar aikin injiniyoyi ne. Amma tsakanin daren da wutar ta ɗauke da ranar da ta dawo akwai wani aikin da ba na injiniya ba: firjin alluran rigakafi da dole sanyinsa ya tsaya tsakanin maki 2 zuwa 8, da jinin da ke ajiye a asibiti, da shinkafar da aka jiƙa a masana'anta tana jiran turara, da kwamfutar da ake shirya albashin ƙarshen wata a kanta. Kowanne a cikinsu yana ƙarƙashin kulawar wani jami'in gudanarwa, kuma ƙwarewarsa ko rashinta ce ke yanke hukuncin abin da zai tsira.

Wannan ƙwarewa ita ce masana harkar mulki ke kira tsarin ɗorewar aiki: rubutaccen shiri da ke fayyace yadda ma'aikata ko kamfani zai ci gaba da muhimman ayyukansa idan abin da ya dogara da shi ya yanke, da yadda zai koma daidai bayan ƙura ta lafa.

Mutane da yawa na haɗa shi da agajin gaggawa, alhali hanyarsu ba ɗaya ba ce. Hukumar NEMA, wadda aka kafa a 1999, da takwararta ta jiha, aikinsu ceto rai da raba tabarmi da hatsi ga waɗanda masifa ta afka wa. Tsarin ɗorewar aiki kuwa tambayar da yake amsawa ita ce: shi ofishin da zai rubuta sunayen masu karɓar agajin, idan nasa ginin ne ruwa ya ci, daga ina zai yi aiki, da waɗanne takardu, kuma wa zai sa hannu? Akwai ma'aunin ƙasa da ƙasa a kan haka, ISO 22301, wanda ya fito a 2012 aka sabunta shi a 2019. A Najeriya bankuna ne suka fi saninsa, saboda Babban Bankin ƙasa na tilasta musu tanadin irin wannan shiri.

Abin da ya sa kwarin Rima ya bambanta

Albarkar Argungu da Birnin Kebbi da barazanarsu abu guda ne, wato gulbi. Ruwan da ya ratso ta madatsar Goronyo da wanda ya fito daga Bakolori suna haɗuwa kusa da Sakkwato, su gangaro ta fadamun Augie da Argungu da Birnin Kebbi kafin su faɗa kogin Kwara. Wannan fadama ce ta sa aka zaɓi Birnin Kebbi don ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashi na Anchor Borrowers a ranar 17 ga Nuwamban 2015, ita ce kuma ta jawo masana'antar shinkafa ta WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, baya ga ta Labana da ke babban birnin jihar.

A daminar 2020 gulbin ya nuna ɗaya fuskar. Ƙungiyar manoman shinkafa ta jihar ta ce ambaliya ta shafe kimanin hekta 450,000, aka kuma ƙiyasta asarar shinkafa a wajen tan miliyan 2, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ƙasar ke sa ran girbewa a shekarar. An fi ba da labarin manomi, kuma ya cancanta. Sai dai asarar ba ta tsaya a gona ba. Masana'antar da ta tsara aikin shekara bisa girbin damina ta wayi gari da injina ba shinkafar da za ta casa. Mai ba da bashi ya rasa inda zai karɓi kuɗinsa. Hanyoyi da gadoji sun yanke, makarantu sun koma matsugunin waɗanda gidajensu suka rushe. Shekara goma kafin nan, a Satumban 2010, ambaliyar Rima ta karya gadar da ta haɗa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da cikin garin Sakkwato. Gine-ginen jami'ar na nan daram, amma karatu ya tsaya, domin hanyar zuwa gare su ta tafi.

Ba ruwa kaɗai ba ne. A Maris ɗin 2016 gobara ta cinye babbar kasuwar Birnin Kebbi. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, abin da ya taɓa duk mai shigo da kaya ta Kamba. Ga kullen korona, ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023. Jami'in da ya yi aiki a jihar tun daga 2016 ya ga akasari irin waɗannan da idonsa, ba sai an kawo masa misali daga Amurka ba.

Daga ina ake farawa?

Matakin farko ba sayen janareta ba ne, ko da yake nan ne hankalin masu neman kwangila ya fi karkata. Zama ake yi a jera duk ayyukan ma'aikatar, a yi wa kowanne tambaya guda: idan ya tsaya, har tsawon wane lokaci za a iya jurewa kafin ɓarnar ta gagari gyara? Amsar ce ke raba aiki da aiki. Ɗakin tiyata da na haihuwa ba sa jure ko sa'a ɗaya. Ɗanyar shinkafa da aka girbe da laima, in ba a busar da ita zuwa wajen kashi 14 cikin ɗari ba, cikin 'yan kwanaki take soma lalacewa. Albashi na iya jiran kwana biyu ko uku kafin gidaje su shiga wani hali. Taron bita kuwa ko wata uku ya yi a ɗage babu wanda zai rasa barci.

Wannan jeri yana da ɗaci, domin kowane darakta na ganin sashensa ne zuciyar ma'aikata. Nan ne ƙwarewar mai gudanarwa take bayyana: ya iya faɗa wa na gaba da shi, cikin ladabi, cewa idan man janareta ya rage lita hamsin, firjin magani za a kunna, ba na'urar sanyaya ofishinsa ba, kuma a rubuta hakan a sa hannu tun ana zaman lafiya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan haka sai a bi kowane muhimmin aiki a gano abin da yake tsaye a kansa: mutane, wuri, wuta, sadarwa, takardu, da masu kawo kaya. Inda aka tarar da ƙafa ɗaya tak, nan ne raunin yake. Masana'antar da duk manomanta ke fadama guda ta san abin da ya kamata ta yi, wato ta ƙulla alaƙa da manoman rani da na wasu yankuna, ta kuma ajiye abin da zai riƙe injinanta na wasu makonni. Manomin Argungu bai taɓa jin sunan ISO ba, amma ba ya cinye irin shuka, ba ya kuma kafa rumbunsa a kwari.

Batun takardu ya fi kowanne tsayawa a rai, saboda gini ana sake shi, amma fayil ɗin fili ko na fansho idan ya tafi, haƙƙin wani ya bi shi. Ranar 8 ga Afrilun 2020 gobara ta kama ofishin Babban Akanta na Tarayya a Abuja, tambayar farko da 'yan ƙasa suka yi kuwa ita ce ta makomar bayanan kuɗi. A ƙananan ofisoshi matsalar ta fi sauƙin gani: kabad ɗin fayiloli a ƙasan bene, kwafin bayanan kwamfuta a cikin aljihun teburin da kwamfutar ke kai, kalmar sirri kuma a kan mutum ɗaya wanda ke iya tafiya Hajji ko a yi masa canjin wurin aiki. Ƙa'idar ita ce kwafi ya zauna a wani wuri dabam da asali, nesa yadda masifa guda ba za ta haɗa su ba, kuma a ƙayyade aikin kwana nawa za a iya jure rasawa. Wanda ke kwafe bayanansa sau ɗaya a wata ya amince ke nan da asarar aikin wata guda, ko ya sani ko bai sani ba.

Ajiya a intanet ta taimaka, amma ba ta wadatar ba. A Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Sakkwato da Katsina saboda tsaro, sannan a ranar 14 ga Maris ɗin 2024 lalacewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku ta gurgunta hada-hadar bankuna a Afirka ta Yamma. Don haka jerin lambobin waya da matakan farko dole su kasance a takarda, a hannun fiye da mutum guda. Kuma tun da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta fara aiki, kwafe sunayen majiyyata ko na ma'aikata a wayar wani jami'i ba tanadi ba ne, wata matsalar ce aka buɗe.

Rubutawa ba ta da wuya, rayarwa ce aiki

Galibin irin waɗannan tsare-tsare ba masifa ce ke kashe su ba, canjin ma'aikata ne. An rubuta cewa wane ne zai kira wane, bayan shekara biyu ɗaya ya yi ritaya, ɗaya an mayar da shi Yauri, lambar ta uku kuma ta daina shiga. Shi ya sa ake ɗora nauyi a kan muƙami, ba a kan sunan mutum ba, a kuma sa tsarin cikin takardar miƙa aiki.

Argungu na da misalin haka a ƙofar gida. Bikin kamun kifi, wanda ya samo asali a 1934 da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ya yi kusan shekara goma ba a gudanar da shi ba kafin a dawo da shi a Maris ɗin 2020. A tsakiyar wannan hutu ne ma, a 2016, UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Abin da ya sa ilimin bai ɓace ba shi ne sarautun Sarkin Ruwa da Homa ba su dogara da ko an yi biki ba. Kula da Matan Fada nauyi ne na kujera, wanda ya hau ya gaji aikin.

Sai gwaji. Tsarin da ba a taɓa gwadawa ba zato ne kawai. Gwajin ba ya bukatar kasafi mai nauyi: a zauna na sa'a biyu a ce yau ruwa ya shiga ɗakin ajiya, kowa ya faɗi abin da zai yi, a kashe wutar gari da gangan a ga minti nawa janareta zai ɗauka, a ɗauko kwafin bayanai a buɗe shi a wata kwamfuta. A ra'ayina, kundi mai shafi ɗari da wani mai ba da shawara ya rubuto daga Abuja, aka biya shi aka jefa a kabad, bai kai shafi biyar da ma'aikatan wurin suka rubuta da hannunsu suka gwada ba. Akwai kuma batun kuɗi: tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, duk lissafin da aka yi kafin nan na kwanakin da janaretan fetur zai riƙe ofis ya zama tsohon zance, sai an sake shi.

Kwarin Rima na da wata dama da wurare da yawa ba su da ita: masifunsa na da kalanda. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina a farkon shekara, NIHSA kuma na fitar da na ambaliya kafin ruwa ya kankama, tana ambaton ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Gulbi kan cika ne a Agusta da Satumba, gobarar kasuwa ta fi yawa daga hunturu zuwa bazara. Ruwan da aka sako daga Goronyo ma ba a rana ɗaya yake isa Argungu ba, muddin akwai wanda aka ɗora wa karɓar sanarwar hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima da isar da ita. Ofishin da ke bitar tsarinsa a Yuni, ya haura da fayiloli sama, ya sabunta lambobin waya, ya tabbatar da wurin da zai koma na wucin gadi, yana da aƙalla wata guda a hannu kafin ruwan Agusta.