Kirci, Ciwon Huhu da Iyakar Ƙarfin Allura

Tun da Alexander Fleming ya gano penisilin a birnin Landan a shekarar 1928, magungunan kashe bakteriya suka yi ta yaɗuwa, har suka iso kasuwannin kara na ƙasarmu, inda yau makiyayi kan sayi kwalbar oksitetarasaikilin tare da kanwar shanunsa, ya koma ruga ya yi wa saniya allura ba tare da ya nemi fatawar likitan dabbobi ba, alhali kuwa kowace cuta da nata hukuncin.

Kirci, wanda ke tsananta da damina sa'ad da ruwa da kaska suka raunana fata, yakan ji wannan allura sosai, muddin an cika adadin da nauyin dabbar ya wajabta. Ciwon huhu kuwa mas'alarsa ta fi wuya, domin ƙwayarsa, wadda masana ke kira maikofilazma, Allah bai halicce ta da bango a jikinta ba, shi kuma penisilin aikinsa ke nan rushe bango, saboda haka ko an ƙarar da kwalba ba ya taɓa ta. Tailosin da oksitetarasaikilin sukan kwantar da tari da zazzaɓi, har mai garke ya yi hamdala, amma ƙwayar tana iya lafewa cikin huhun, saniyar ta koma kiwo da alamar lafiya tana shafa wa 'yan'uwanta a mashaya. A ganina wannan sauƙi ya fi ciwon haɗari, kuma shi ne dalilin da ya sa hukuma ta dogara ga rigakafin da cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke yi. Boru ma, wato ciwon baki da kofato, bairos ke kawo shi, allurar nan ba ta kashe shi.

Sannan ga haƙƙin mai sha, domin maganin yana fita cikin madara kwanaki bayan allura, har yakan hana kindirmo kwanciya, kuma shan guntayensa kan sa ƙwayoyin cuta su gagara a jikin mutane. Tsoron wannan gagara ne ya sa Tarayyar Turai, inda manoma suka daɗe suna zuba magungunan kashe bakteriya cikin abincin aladu don su yi saurin ƙiba, ta haramta hakan daga farkon shekarar 2006.