Tsohuwar Peugeot 504 da wayar hannu: yadda ake nemo kayan gyaran motar da aka daina ƙerawa

A unguwanni da dama na Kano da Kaduna da Zariya, ba wuya mutum ya ci karo da tsohuwar Peugeot 504 a ƙofar gida ko a gindin darbejiya, tayoyinta sun sace, ƙura ta rufe gilashinta, kaji sun mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Yawanci motar baba ce ko ta kaka. An ajiye ta da niyyar za a gyara, shekaru suka yi ta wucewa. 'Yan gwangwan kuwa ba sa gajiya da zuwa tayi, kuma ranar da aka sallama musu, kafin la'asar an yanyanka ta an ɗora a sikeli.

Matashin da ya ƙudura ceto irin wannan mota yana da abin da kanikawan da ba su samu ba, wato wayar da za ta kai shi kasuwar Faransa ko Ajantina yana zaune a ɗakinsa. Sai dai sahihin bayani ya fi ƙarfen kansa wuyar samu. Duk wanda ya fara sayayya kafin ya san ainihin wace 504 ce a gabansa, kuɗinsa zai ƙare a kayan da ba su shiga motar ba.

Suna ɗaya, motoci iri-iri

Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a birnin Paris a shekarar 1968, kuma ita ta lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969. A Najeriya, masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, kuma 504 ta zama motar ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da direbobin tasha, har kowa ya san ta da Fijo. Faransa ta daina ƙera salun ɗin a 1983, Ajantina ta ci gaba har 1999, Kaduna kuma ba ta tsaya ba sai tsakiyar shekarun 2000.

Wannan doguwar rayuwa ita ce tushen ruɗanin. Motocin farko sun zo da inji mai cc 1796, daga 1970 aka ƙaro mai cc 1971. Wasu da kafireta, wasu irin su TI da famfon fesa mai na Kugelfischer, wasu kuma dizal ne. Samfurin L da ya fito a 1973 ƙafarsa ta baya daban take da ta GL, birkinsa na baya ma daban. Wadda aka kai Amurka fitilu huɗu ne zagayayyu a gabanta, maimakon manyan fitilu biyu da aka saba gani a nan. Ta Ingila da ta Kenya sitiyarinsu a dama yake, haka ma wasu da suka shigo Najeriya kafin watan Afrilun 1972, lokacin da ƙasar ta sauya hannun tuƙi.

Akwai kuma waɗanda samunsu sai an tona. Mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen sama, waɗanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya ƙera bodinsu daga 1969 zuwa 1983, sun fi salun gajarta, kuma ƙofa ko gilashin salun ba ya shiga jikinsu. Mai buɗaɗɗen sama da ke ɗauke da inji V6 ko dubu ɗaya ba a ƙera ba a duk duniya. Haka nan akwai wadda kamfanin Dangel ya mayar mai jan ƙafa huɗu a shekarun 1980. Mai irin wannan mota idan ya shiga kasuwa ya ce a ba shi gilashin 504 kawai, ya yi asarar kuɗin mota.

A fara da kyamara kafin sifana

Aiki na farko ba ya cin ko sisi. A buɗe bonet a nemo ƙaramin farantin ƙarfe da kamfani ya manna, wanda ke ɗauke da samfurin motar da lambar shasi, a goge shi a ɗauki hotonsa da kyau. A ɗauki lambar da ke jikin injin, a kuma gwada su da abin da ke cikin takardun motar. Wannan gwaji yana da muhimmanci domin mafi yawan 504 da suka yi aikin haya an sauya musu inji, wasu ma fiye da sau ɗaya. Lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17 da ake amfani da ita yanzu sai a 1981 ta zama ƙa'ida, saboda haka shafukan intanet masu fassara lambar mota ba sa gane na motocin da suka girmi wannan shekara.

Bayan haka, duk abin da za a kwance a ɗauke shi hoto tukuna: yadda wayoyin wuta suka bi, launin kowace waya, inda kowane noti ya fito. Gyaran tsohuwar mota yakan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru, kuma babu kan da zai riƙe duk wannan. A zuba ƙananan kaya a leda a rubuta suna, hotunan kuma a ajiye kwafinsu a Google Drive ko makamancinsa, don kada ɓatan waya ya tafi da aikin wata shida.

Inda bayanin yake

Littattafai uku ne ginshiƙin aikin. Akwai littafin gyara na Haynes da aka rubuta da Turanci domin kasuwar Ingila, akwai Revue Technique Automobile na Faransanci wanda kanikawan Faransa suka daɗe suna dogaro da shi, sannan akwai kundin kayan gyara na Peugeot, mai zanen kowane sashe a warwatse da lambar kowane abu. Tsohuwar lambar kayan Peugeot alƙaluma huɗu ce, sai ɗigo, sai wasu biyu. Wanda ya riƙe wannan lamba ya gama rabin nema, domin ita ce harshen da mai shago a Faransa da na Ajantina duk suke ji.

Faransanci ba shi ne zai hana aiki ba. Manhajar Google Translate tana karanta rubutu ta kyamara, kuma tun 2013 take da Hausa. Amma ga sunayen kayan inji fassarar Turanci ta fi zama daidai, kuma alƙaluman ƙarfin ɗaure noti gara a karanta su kai tsaye daga shafin asali. Neman kaya da sunansu na Faransanci ma yana buɗe ƙofofin da Turanci ba ya buɗewa. Gilashin gaba shi ne pare-brise, fitilar baya feu arrière, ragar gaba calandre. Idan aka haɗa kalmar da 504 a eBay na Faransa ko a Leboncoin, sakamakon ya kan ninka.

Kamfanin kansa bai yar da tarihinsa ba. Ƙungiyar L'Aventure Peugeot, mai gidan tarihi a garin Sochaux tun 1988, tana sayar da kayan tsofaffin motoci ta intanet, tana kuma bayar da takardar shaidar asalin mota bisa lambar shasi, a kan kuɗi. Ga motar da aka ƙera a Faransa, wannan takarda tana raba gardama a kan shekararta da samfurinta. Sai kuma zaurukan masu 504 a Facebook da bidiyoyin gyara a YouTube. A irin waɗannan wurare, wanda ya zo da hoton faranti da lambar inji ya fi saurin samun amsa a kan wanda ya rubuta cewa motarsa ta ƙi tashi kawai.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suna taimakawa wajen rubuta wa mai shago saƙo da Faransanci ko Sifaniyanci. Amma suna iya ƙago lambar kaya da babu ita, su faɗe ta kamar sun tabbatar. Duk lambar da suka bayar a duba ta a kundi kafin a biya kuɗi.

Kasuwar gida kafin ta waje

A nan matashin Najeriya ya fi takwaransa na Turai sa'a. Saboda daɗewar da Kaduna ta yi tana haɗa 504, kayan inji da giya da ƙafa na salun da wagon da akori-kura har yanzu ana samunsu a Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Ladipo a Legas, da kasuwar Nkwo a Nnewi. A Ghana akwai Suame Magazine a Kumasi. Yawancin masu shagunan suna WhatsApp, don haka a tura hoton tsohon abin daga kowane ɓangare, da awonsa, da duk rubutun da ke jikinsa. Ƙaramin ma'aunin kauri mai allon lamba, wanda ake kira kalifa, yana hana sayen abin da ya yi kama amma bai yi daidai ba.

Rubutun da ke jikin kaya yana da daraja domin Peugeot ba ita ke ƙera komai ba. Kafireta sau da yawa ta Solex ce, kayan wuta na Ducellier ko Paris-Rhône, fitilu na Cibié ko SEV Marchal. Waɗannan kamfanoni sun sayar wa wasu masu ƙera motoci irin kayan, saboda haka abin da aka rasa da sunan 504 ana iya samunsa da sunan wata motar. Injin mai cc 1971 ya ci gaba a cikin 505 da ta fito a 1979. Injin V6 kuwa Peugeot da Renault da Volvo ne suka yi shi tare, kuma yana cikin Peugeot 604 da Renault 30 da Volvo 264. Idan abu ba shi da suna ko lamba, Google Lens yakan gane shi daga hoto.

Tarkon 'yan damfara

Wanda ya rubuta a zaure cewa yana neman wani abu mai wuya, ya kwana da shirin saƙonnin masu cewa suna da shi. Dabarar da aka fi yi ita ce a kwafo hoto daga tsohuwar talla a turo. Maganinta sauƙi ne: a saka hoton a Google Lens a ga ko ya taɓa fitowa a wani wuri, sannan a nemi mai kayan ya ɗauki sabon hoto da takarda a gefe mai ɗauke da kwanan ranar, ko a yi kiran bidiyo ya juya abin a gani. Wanda ya fara kawo uzuri a bar shi. A eBay, kariyar mai saye tana aiki ne idan an biya ta cikin shafin, don haka duk mai cewa a koma gefe a tura masa kuɗi kai tsaye don a samu ragi, Hausawa sun riga sun ce araha ba ta ado. Kafin a ce an saya, a lissafa kuɗin aiko da na kwastam, domin gilashi ko bamba kuɗin jigilarsu kan zarce kuɗin sayensu.

Akwai kayan da ake tallatawa da alamar NOS, ma'ana sababbi ne da suka kwana a sito tun zamanin motar. Ga ƙarfe da gilashin fitila, babu kamarsu. Ga roba kuwa akwai haɗari, domin tiyon birki ko roban famfon birki da ya yi shekara 40 a kwali ya bushe ko da ba a taɓa ɗaura shi ba. Taya ma haka. Alƙaluma huɗu na ƙarshen lambar DOT da ke gefenta suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma idan uku ne kawai, an yi ta kafin shekarar 2000, ba ta hawa titi.

Idan abin ya ɓace a duniya

Wani lokaci nema yakan ƙare babu. Manyan kamfanoni ma sun gamu da wannan. A 2018 sashen tsofaffin motoci na Porsche ya sanar da cewa yana buga wani ƙarfen kuloci na samfurin 959 da na'urar 3D, saboda guda 292 kacal aka ƙera na motar. Ƙaramin mai gyara ma zai iya bin wannan hanya ga kayan roba mai tauri, kamar maɓallan dashbod da murfin ramin iska da 'yan maƙalai. Manhaja irin Polycam tana haɗa siffar abu daga hotuna masu yawa, wayoyin iPhone na Pro kuma tun daga 12 suna da na'urar awo ta LiDAR. Ga ƙaramin abu dai awon kalifa ya fi daidai, sai mai zane ya zana shi a kwamfuta.

Zaɓin robar bugawa yana da muhimmanci a ƙasa mai zafi. PLA, wadda ta fi araha, tana fara laushi a wajen digiri 60, kuma dashbod ɗin motar da aka bari a ranar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu yana iya wuce haka. ABS ko ASA sun fi jurewa. Abin da ya shafi birki da sitiyari da ƙafa kuwa ba a buga shi da roba ko kaɗan. Wannan aikin masu injin sassaƙa ƙarfe ne, ko a ci gaba da nema har a samu na asali.

Ilimin da ba ya intanet

Saura rumbu ɗaya da Google bai san da shi ba. A garejin garuruwan Arewa akwai dattawan kanikawa da suka yi shekara talatin ko arba'in a kan Fijo, wasu ma tsofaffin ma'aikatan PAN ne. Da jin ƙarar inji sun san kafireta ce ko kwantak. Sun san abin da aka sauya a motocin Kaduna wanda littafin Ingila bai ambata ba, sun san shagon da ke da ragowar kaya a bayan kanta. Yaransu sun koma kan motocin Japan masu kwamfuta, kuma duk shekara adadin dattawan raguwa yake yi.

Da tsohuwar zuma ake magani. Matashin da zai je wurin irin wannan dattijo ya je da ladabi, ya gaishe shi, ya biya shi haƙƙin lokacinsa, ya nemi izini kafin ya kunna kyamara. Bidiyon minti goma na Baba yana saita kafireta yana bayani da Hausa zai amfani mai motar yau, idan kuma aka ɗora shi a YouTube da sunan samfurin da shekararsa, zai amfani wanda zai gaji wata 504 nan da shekara ashirin, lokacin da babu sauran wanda za a tambaya.