Manhajar Horar da Malaman Larabci da Addinin Musulunci a Kwalejojin Ilimi: Tsarawa, Aiwatarwa da Tantancewa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan maƙala za ta dubi manhajar da ake horar da ɗalibai masu koyon malanta a fannin Larabci da addinin Musulunci a kwalejojin ilimi na Nijeriya. Dalilin zaɓen wannan rukuni a fili yake: takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar da manufar ilimi ta ƙasa ta amince mutum ya koyar da ita, don haka akasarin yaran da ke koyon alwala da salla a firamare da ƙaramar sakandare daga bakin masu wannan shaida suke ɗauka.

Manhaja da muƙarrari

Ya kamata tun farko a raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗa su. Muƙarrari shi ne jerin darussa ko littattafan da za a karanta. Manhaja kuwa ta fi shi faɗi, domin ta ƙunshi manufa, da abin da za a koyar, da hanyar koyarwa, da yadda za a gane an kai ga manufar. Ralph Tyler, masanin ilimi ɗan Amurka, ya tsara waɗannan rukunai huɗu a matsayin tambayoyi a littafinsa na 1949, kuma a kansu aka gina yawancin abin da ake karantarwa a sassan ilimi a yau. Sai dai ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Ibn Sahnun (ya rasu 256H) ya keɓe littafi sukutum kan ladubban malamai da abin da ya wajaba su koyar. Ibn Khaldun (ya rasu 808H) ya yi bayani a Muƙaddima cewa a bi fanni sau uku: a fara da tushensa a dunƙule, a sake komawa da sharhi da ambaton saɓani, sannan a warware duk mai wuya, har ɗalibi ya sami abin da ya kira malaka, wato ƙwarewar da ta zauna a rai. Wanda ya tashi a zaure, ya bi Ahalari da Ishmawi da Iziyya kafin Risala da Mukhtasar, ya ga wannan tsari da idonsa ko da ba a gaya masa sunansa ba.

Tsarawa

Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, ita ke fitar da mafi ƙarancin ma'aunin da kowace kwaleji za ta bi. Karatun na shekara uku ne, kuma ya haɗa darussan fannin da ɗalibi ya zaɓa, da darussan ilimin koyarwa, da darussan gama-gari, da koyarwar gwaji. A takarda tsari ne mai kyau. Matsalar tana wurin haɗin.

Ɗalibinmu yana karanta nahawu da fiƙihu da Larabci ko da Ingilishi, gwargwadon sashensa. Yana karanta ilimin halayyar yara da dabarun koyarwa da Ingilishi, a wurin malaman da galibi ba su san fanninsa ba, misalansu kuma daga lissafi da kimiyya suke. Daga nan sai ya shiga aji a ƙauye ya koyar da Hausa. Harsuna uku ke nan, kuma shi kaɗai aka bar wa aikin ƙulla su. A 1986 Lee Shulman ya jawo hankalin masana ga wani ilimi na uku da ke tsakanin sanin fanni da sanin dabarun koyarwa, wato sanin yadda ake koyar da wannan fanni na musamman: wane misali ne ke buɗe mas'ala, ina ne yara ke yawan ruɗewa. Malamin da ya san farillan alwala, amma bai san cewa yaro ɗan shekara bakwai yana rikita farilla da sunna ne saboda yana ganin ana yin su tare a jere ba, bai gama shiri ba. A ganina wannan ilimi na uku shi ya kamata ya zama ƙashin bayan manhajar, amma kason da yake samu bai wuce 'yan kwasa-kwasan hanyoyin koyar da fanni ba.

Tarihin ƙasar nan yana da abin koyi a nan. Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ba ta tsaya ga ilmantar da jajis ba. Ta ba su darussa a waƙe cikin harshen da matan karkara ke ji, domin su ɗauka su isar. Wato ta tsara abin koyarwa tana kallon wanda zai karɓa a ƙarshe. Makarantar Shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947, ita ma ta nuna cewa ana iya zuba karatun zaure cikin aji da jadawali ba tare da ya rasa zurfinsa ba.

Aiwatarwa

A nan ne kyakkyawar manhaja ke mutuwa ko ta rayu. Ana so ɗalibi ya fara da taƙaitacciyar koyarwa a gaban abokansa, ta 'yan mintuna, a yi masa gyara ya sake, dabarar da aka ƙirƙiro a Jami'ar Stanford a 1963. Idan aji ya kai ɗaruruwa, sai a raba su rukuni-rukuni, mutum ɗaya ya koyar, sauran su sami maki a inuwarsa. Sannan a tura su koyarwar gwaji a shekarar ƙarshe.

Na taɓa zuwa duba wani ɗalibi a wata makaranta da ke bayan gari. Takardar shirin darasinsa ba ta da aibi: manufofi a jere, matakai a tsare. Darasin taimama ne. Ya rubuta farillanta a allo, yara suka kwafa, suka maimaita da ƙarfi har ƙararrawa ta kaɗa. Ƙasa tana nan a bakin ƙofar ajin, bai sa ko yaro ɗaya ya buga hannu a kanta ba. Da na tambaye shi, sai ya ce haka aka koya masa shi ma. Gaskiya ya faɗa, kuma laifin ya fi komawa kanmu malamansa. Mun koyar da shi hanyar nunawa a aikace ta hanyar yi masa shifta, sai ya riƙe abin da ya ga muna yi, ya bar abin da ya ji muna faɗa.

Akwai kuma malamin da ke riƙe da ajin da aka tura ɗalibi. Shi ne ke tare da shi kullum, alhali mai dubawa daga kwaleji sau ƙalilan yake zuwa. Amma sau da yawa ba a sanar da shi abin da ake so ya lura da shi ba, sai ya ɗauki zuwan ɗalibin a matsayin hutu.

Tantancewa

Auna ɗalibi daban, auna manhaja daban. Michael Scriven ya bambanta a 1967 tsakanin tantancewar da ake yi ana cikin aiki domin gyara, da wadda ake yi a ƙarshe domin yanke hukunci. Mu kuwa mun fi ƙarfi a ta biyun, ita ma a rubuce. Ɗalibi na iya samun maki mai yawa a tajwidi don ya lissafo haruffan ikhfa'i goma sha biyar, alhali ba wanda ya saurari karatunsa. Magabata ba su bayar da ijazar ƙira'a sai bayan ɗalibi ya karanta a gaban shehi, domin sun gane cewa abin da ake yi da baki, da kunne ake auna shi. Ba abin da zai hana a ware kaso tabbatacce na makin tajwidi da muhadasa da ibada ga jarrabawar baka da ta aiki, a gaban malamai biyu, domin a rage son zuciya.

Ita manhajar kanta, ziyarar tantancewa da hukuma ke kai wa kwalejoji tana duba yawan malamai da shaidarsu da ɗakin karatu da tambayoyin jarrabawa, kuma duk abubuwa ne masu muhimmanci. Abin da ba ta iya gani shi ne malamin bayan ya fita. Wannan aikin sashe ne, kuma bai buƙatar kuɗi mai yawa: a zaɓi tsofaffin ɗalibai goma ko ashirin da ke koyarwa a kusa, a zauna a ajinsu bayan shekara biyu da kammalawa, a tambayi shugabannin makarantunsu, a tambaye su su ma wane kwas ne ya amfane su, wanne ne ba su sake waiwayarsa ba. Abin da aka samu sai a kawo shi taron sashe kafin a raba kwasa-kwasan zango mai zuwa. Wallahu a'alam.