Kaset ɗin ajiyar bayanai da kwaɗonsa: abin da ya kamata ku sani

Ƙungiyar manoman auduga a Malumfashi, ƙaramin banki a Funtua, asibitin kuɗi a Ƙafur ko Bakori, duk suna riƙe da kayan da ba a auna su da mudu: sunayen mutane, lambobin waya, BVN da NIN, da bashin da ake bin kowa. Mai hankali yakan kwafi waɗannan bayanai ya ajiye a wani wuri daban, saboda gobara ko ɓarawo ko wutar da kan zo da ƙarfi ta ƙona kwamfuta. Yawanci a filasha ake yi. Amma wanda ya sayo tsohuwar babbar kwamfutar ofis ta hannu, daga Legas ko titin Beirut a Kano, zai iya tarar da na'urar kaset a jikinta.

Ba kaset ɗin waƙa ba ne, ko da yake dangi ne. Ana kiransa LTO, kamfanonin HP da IBM da Seagate suka fito da shi a shekarar 2000. Yana da arha, yana daɗewa, kuma ƙwayar cutar kwamfuta ba ta isa ga abin da ke kwance a kabad ba. Aibinsa ɗaya: duk wanda ya tsince shi, in yana da na'ura irin taka, zai karanta komai. A 2008 kamfanin inshora na Zurich ya ɓatar da kaset ɗaya a Afirka ta Kudu, ɗauke da bayanan mutanen Birtaniya 46,000, ba a kulle ba. A 2010 aka ci shi tarar fam miliyan 2 da doriya. Mu ma nan, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora alhakin tsaron bayanan a wuyan wanda ya tara su.

Kullewa ita ce a hargitsa rubutun ta yadda ba mai gane shi sai mai mabuɗin sirri. Sai dai kafin ka wahalar da kanka, duba lambar da ke goshin na'urar. LTO-1 zuwa LTO-3 ba su iya kullewa da kansu, ko me ka danna. Daga LTO-4, wanda ya fito a 2007 yana ɗaukar gigabait 800, aka sa musu kwaɗo na ciki mai suna AES-256. Kuma dole kaset ɗin ma ya zama na 4 ko sama. In ka zura na 3 a na'urar 4, za ta rubuta, amma a buɗe.

Mai na'urar da ta girmi haka bai rasa mafita ba. Manhaja kamar GnuPG ko Bacula za ta kulle bayanan kafin su isa kaset. Akwai farashi: tsohuwar kwamfuta za ta yi nauyi, kuma abin da aka riga aka kulle ba ya matsuwa, saboda haka a matse shi tukuna, in ba haka ba kaset zai cika da wuri.

Inda ya fi shafarmu shi ne wuta. Na'urar ba ta riƙe mabuɗin dindindin. Manhaja ce ke miƙa mata, kamar stenc a kan Linux. Da an ɗauke wuta, ko an sauya zuwa janareta na'urar ta mutu ta tashi, ta manta. In ba a sake miƙa mata ba, tana iya ci gaba da rubutu a buɗe ba tare da ta ce uffan ba, mai ofis yana can yana barci da tunanin komai a kulle yake. Don haka a tsara aikin yadda za a tabbatar mabuɗin yana ciki kafin kowane kwafi ya fara.

Shi kuwa mabuɗin, in ya ɓace, ko kamfanin da ya ƙera na'urar ba zai buɗe maka ba. Kada a bar shi a kwamfutar da ake kwafa kaɗai, domin ranar da ta ƙone tare za su tafi. Kada kuma ya zauna a kan ma'aikaci ɗaya, gobe yana iya samun aiki a Abuja. A rubuta shi a takarda, a rufe a ambulan biyu, ɗaya wurin shugaba, ɗaya a wani gini daban, nesa da kaset ɗin.

Kasetocin da aka cika a baya ba za su kullu da kansu ba, sai an sake kwafe su. A kuma kiyaye su daga zafi da ƙurar hunturu, lokaci-lokaci a ɗauko ɗaya a gwada buɗe shi da mabuɗin da ke cikin ambulan.