Fim ɗin da ba a saka shi a gidan kallo, a ina ake ganinsa?

Daga nan Mai'adua.

Wani ya tambaye ni, wai shi bikin fina-finai ba taron 'yan fim ba ne kawai, a yi kwalliya a ɗau hoto a raba kambu? Akwai wannan, amma shi ne mafi ƙanƙanta. Ainihin abin, kwanaki ne ake warewa ana haska fina-finai ɗaya bayan ɗaya, in an gama a kunna fitila, wanda ya shirya fim ɗin ya tsaya gabanku ku yi masa tambayoyi. A Kano akwai KILAF tun 2018, na fina-finan harsunan Afirka. Babban yayansu shi ne FESPACO na Wagadugu, tun 1969.

Me ya sa na damu? Saboda dokumentari. Shi fim ne da babu jarumi babu ƙirƙirarren labari: mutanen gaske, rayuwarsu ta gaske. Ɗan kasuwa ba ya zuba kuɗi a kansa, tunda babu waƙa babu rawa, mai gidan kallo ma ba zai saka shi ba. Sau da yawa biki ne kaɗai ƙofarsa.

Ku nemi "Zinder" na Aisha Macky, 'yar Damagaram, wanda ya fito a 2021. Ta shiga Kara-Kara, unguwar da aka ware wa kutare a da, ta zauna da samarin da gari ke tsoro, masu ɗaga ƙarfe, har da masu fasa-ƙwaurin fetur. Da Hausa suke magana, irin wadda muke ji a kasuwarmu ran Lahadi. Wallahi ina kallo ina ganin fuskokin da na sani. An kalli fim ɗin nan a Turai, amma mu da ke kan hanyar Damagaram, nawa ne cikinmu suka ma ji sunansa?

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. An rufe boda a Agustan 2019, sai Disamban 2020 aka fara buɗewa. Aka sake rufe ta a 2023. Mun ga yadda Kongolam ta yi tsit, 'yan dako da direbobi suka zauna. Ni kaina waya na hannuna duk tsawon lokacin, ban ɗauki ko minti biyar na hirar dillalin shanu ɗaya ba.

Mako mai zuwa za mu yi magana kan neman izinin mutum kafin ka ɗora masa kyamara. Sai mun haɗu.