Ko Kun Sani? Faɗan Zakaru Yana da Tsari

Matashin zakara kan fara zafin kai ne yana wata 4 zuwa 6, lokacin da sinadarin namiji, wato testosteron, yake ƙaruwa a jikinsa, zankonsa ya yi ja, ya soma cara. Faɗan nan neman matsayi ne, domin kaji suna da jerin fifiko, wanda masanin ƙasar Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya bayyana a 1922. A gidajen karkara irin na Icirnawa, a yankin Matamaye, inda kaji suke kiwo a sake, wanda aka kayar yakan samu wurin gudu, amma a ƙuntataccen akurki sai rauni. Shi ya sa masu kiwo sukan bar zakara ɗaya ga kaji kamar goma, sauran kuwa a kai kasuwa ko a yanka wa baƙo.